Kalmar "fie" ta Turanci: abin da take nufi da inda ake faɗinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin jarrabawar adabin Turanci. Sau biyu a mako guda na ci karo da kalmar "fie". Na farko a wasan kwaikwayon Macbeth na William Shakespeare, na biyu a wata tsohuwar tarjamar Alƙur'ani ta Turanci da ke ɗakin Babanmu, a ayar da ta hana ɗa ya ce wa iyayensa "uffin". Ƙamus ya ce kalma ce ta nuna ƙyama, bai ƙara komai ba. Wace irin ƙyama ke nan? Yaya ake furta ta? Kuma zan iya sa ta a rubutuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya ƙara wa Baba lafiya. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. A shekarun da na yi ina koyar da Turanci da adabinsa, da wuya shekara ta wuce ba a tsayar da ni a kan wannan 'yar kalma mai haruffa uku ba, kuma kusan kullum ƙamus ne yake fara rikita ɗalibi kafin ya iso wurina, saboda kalmar "ƙyama" ta yi wa abin faɗi da yawa.

Idan sauri kike yi, ga amsar: "fie" ita ce "tir" ta tsohon Turanci. Mutum yakan faɗe ta ne idan ya ga an yi abin kunya, ko an faɗi maganar da ba ta kamata ba, yana so wanda ya yi ya ji nauyi. Wani lokaci tana da zafi kamar "tir da kai", wani lokaci tana da laushi kamar "haba dai". Turawan yau ba sa faɗinta a maganar yau da kullum. Don haka ki san ta sosai saboda karatu, amma kada ki sa ta a bakinki ko a alƙalaminki sai a wuri ɗaya ko biyu da zan ambata.

Mu fara da furuci, domin a nan Bahaushe yake fara tuntuɓe. Idonmu da ya saba da ƙa'idar rubutun Hausa yana ganin harafin "i" da "e" a jere sai ya karanta "fiye", kamar a "fiye da kowa". Ba haka ba ne. Gaɓa ɗaya ce tak, ana cewa "fai", daidai da yadda ake furta "tie" da "lie" da "die". Sannan ki kula da baƙin farko. Harafin "f" na Hausa da leɓɓa biyu muke yin sa, kamar mai hura wuta, shi ya sa a kunnen Bature yakan yi kama da "p". Shi kuwa "f" na Turanci haƙoran sama ne suke hawa leɓen ƙasa, iska ta fita ta tsakaninsu. Idan kika yi shi da leɓɓa biyu, mai sauraro zai ji "pie", wato wani abincin da ake gasawa da kwaɓaɓɓiyar fulawa. Ki tsaya gaban madubi ki faɗa sau goma, ki tabbata kina ganin haƙoranki a kan leɓe. 'Yan'uwanmu na zangunan Gana kuma kada su haɗa ta da "fie" ta harshen Tuwi mai nufin gida, rubutu ne kawai ya zo ɗaya.

Yanzu ga batun ƙyamar. Ƙyama iri biyu ce, kuma mu ma a Hausa mun raba su ko da ba mu lura ba. Akwai ƙyamar hanci da maƙogwaro, wadda mutum yake ji idan ya bi ta gefen kwata mai ɗoyi, ko ya ga ƙuda a cikin fura. Wannan ita ce ƙyanƙyami, ita ce take sa mutum ya toshe hanci, ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu. Akwai kuma ƙyamar hali, wadda mutum yake ji idan ya ga babba ya kwanta ya yi ƙarya, ko an ci amanar maraya. A nan ba a toshe hanci, sai dai a girgiza kai a ce tir, ko assha, ko Allah wadai. Turanci ma yana da kalmomin motsin rai na kowane ɓangare. Na ɓangaren hanci a yau su ne "ugh" da "yuck" da "ew", a da kuma akwai "faugh" da "foh" da "pah". Ita "fie" a ɓangare na biyu ta fi zama. Akwai alamar cewa daga hanci ta taso, amma tun da wuri ta koma kalmar tsawatarwa da kunyatarwa. Ba za ki buɗe tukunyar miyar da ta lalace ki ce "fie" ba. Wanda ya bar miyar ta lalace saboda sakaci, shi ne za a ce wa haka.

Akwai wani abu da ƙamus ba ya faɗa, wanda a ganina shi ne ruhin kalmar. Mai cewa "fie" yana jin yana da hurumin yin faɗa. Yana magana ne a matsayin wanda ya san daidai, yana tuna wa ɗayan matsayinsa: kai da kake soja, kai da kake dattijo, ke da kike matar aure, wannan bai dace da ke ba. Shi ya sa sau da yawa za ki ga kalmar tana tafiya da ambaton matsayin wanda ake yi wa faɗan. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani idan mun zo kan Macbeth.

Asalinta kuwa, ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, inda ake cewa "fi", kuma ana ganinta a rubuce-rubucen Turanci tun wajen shekara ta 1300. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kalmominsa suka kwarara cikin Turanci ba adadi. A lokacin "fi" ake furta ta da dogon wasali, kamar yadda muke cewa "ya fi". Daga baya ne, tsakanin ƙarni na 15 da na 17, aka yi wani babban sauyin furucin dogayen wasula a Turanci, dogon "i" ya koma "ai". Sauyin da ya mayar da "tim" ta zama "taim" a kalmar "time" shi ne ya mayar da "fi" ta zama "fai". A Faransanci kalmar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Masu karatun boko a Nijar sun san "faire fi de", wato a yi watsi da abu, a raina shi, kuma har gobe jaridun Faransanci suna amfani da ita. Jamusawa suna da "pfui", har kare suke daka wa tsawa da ita idan ya kai baki ga ƙazanta. Mutanen Suwidin da Norwe suna da "fy".

Kin lura dukkansu da iska suke farawa? Ba haɗuwar banza ba ce. Mutumin da wari ya buge shi yakan huro iska ta baki ko ta hanci don ya kore shi, wannan hurin ne harsuna da dama suka kama suka mayar kalma. Charles Darwin ya yi wannan lura a littafinsa na 1872 kan yadda mutum da dabba suke bayyana motsin ransu, ya kawo misali da "pooh" da "pish". Idan kika ɗora "uff" ta Larabci a gefensu za ki ji iskar nan dai ce.

Ginin jimlarta ba shi da wahala. Kalmar motsin rai ce, ba ta da jam'i, ba ta sauya siga saboda lokaci. Tana iya tsayawa ita kaɗai, ko a maimaita ta, "fie, fie". Idan za a ambaci wanda ake yi wa tir ɗin, sai a haɗa da "on" ko "upon": "fie on you", "fie upon him". Wannan "on" ɗin shi ne "da" ɗinmu na "tir da kai". Ba a cewa "fie you", ba a cewa "fie to you". Akwai kuma "fie, for shame", wadda take daidai da "haba, ka ji kunya mana".

To mu zo ga littafinki. Wurin da kika gan ta a Macbeth, ina kyautata zaton kashi na 5 ne, fitowa ta 1, inda matar Macbeth take tafiya cikin barci da fitila a hannu, likita da wata hadimarta suna laɓe suna kallonta. Tana ta murza hannu tana son wanke jinin da ita kaɗai take gani, tana maimaita maganganun da ta yi wa mijinta a lokacin da suka kashe Sarki Duncan. A ciki ne take cewa: "Fie, my lord, fie! A soldier, and afeard?" Da Hausa zan ce: "Haba maigida, haba! Kana soja kana jin tsoro?" Kin ga a nan ban ce "tir" ba. Mace ce take magana da mijinta, tana kiransa da laƙabin girmamawa, amma tana soka masa magana a inda ta san zai fi jin zafi, wato mazantakarsa da sojancinsa. Kalmar tana aikin zuga ne ta hanyar kunyatarwa. Abin tausayin wurin, wanda nake so ki gani da kanki, shi ne a lokacin da take furta wannan kalma mijin ba ya nan, kuma ita ce tsoro ya cinye har barcin natsuwa ya gagare ta. Kalmar da ta yi amfani da ita ta kunyata mai tsoro ta dawo tana fita daga bakinta a daren da ita kanta ta karye. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wannan fitowa a aji, a nan nake sassauta murya.

Wannan salon, na mace ta ce wa mijinta "fie" saboda ya tsorata, ya girmi Shakespeare da shekara kusan 200. Geoffrey Chaucer, marubucin waƙoƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, yana da labarin wani zakara da ya yi mugun mafarki ya farka a firgice, ya gaya wa kazar da ya fi so. Maimakon ta lallashe shi sai ta ce masa "fy on yow, hertelees", wato tir da kai, marar zuciya. Rubutun ya bambanta, amma kalmar ita ce, aikin ma shi ne.

A Hamlet kuwa, wani wasan na Shakespeare, kashi na 1, fitowa ta 2, nauyinta daban ne. Yarima Hamlet ne shi kaɗai, mahaifinsa bai cika wata biyu da rasuwa ba mahaifiyarsa ta auri ƙanin uban. Sai yake cewa duniya duk ta gundure shi: "Fie on't, ah fie! 'Tis an unweeded garden". Wato tir da ita, kai tir, lambu ce da aka bari ba shema, ciyawa ta cinye. Wannan ita ce cikakkiyar "tir", mai ɗaci, kuma ba mutum ɗaya ake yi wa ba, duniya ce gaba ɗaya. Ki lura da "on't", taƙaitawar "on it" ce.

Sai mafi sauƙinta. A farkon The Merchant of Venice, shi ma na Shakespeare, abokan wani attajiri mai suna Antonio suna ta lalubo dalilin baƙin cikinsa. Da ya ce ba jiragen kayansa ne suka dame shi ba, ɗayansu ya ce to lalle soyayya ce. Amsarsa kalma biyu ce: "Fie, fie!" Babu ƙyama a nan ko kaɗan. Abin da Bahaushe zai ce shi ne "kai, haba dai" ko "ina, rufa mini asiri". Ture magana ce tsakanin abokai.

Wuri ɗaya da na sani inda ƙyamar hali da ta hanci suka haɗu a numfashi guda shi ne King Lear na Shakespeare, kashi na 4. Tsohon sarkin hankalinsa ya gushe, yana ta sambatu kan lalatar mutane, sai ya ce "Fie, fie, fie! Pah, pah!", nan take ya roƙi mai sayar da magani ya ba shi oza guda ta turaren jibda don ya ƙamsasa tunaninsa. Kin ga yadda marubucin ya jera su: "fie" ga munin aikin, "pah" ga warin da yake ji kamar a hancinsa. Wanda ya fahimci wannan layi ya fahimci bambancin kalmomin biyu. Turaren jibdar ma, sunansa na Turanci, "civet", daga Larabci ya samo asali, daga "zabad". A cikin wannan wasan dai, kashi na 3, akwai "Fie, foh, and fum", wanda yaran Ingila suka sani a bakin dodon tatsuniyarsu mai cewa yana jin ƙanshin jinin mutum. Can sauti ne kawai na ban tsoro, kada ki nemi ma'anar tir a ciki.

Ke nan kalma ɗaya ta ba mu "haba maigida", ta ba mu "tir da duniya", ta ba mu "kai, ina". Shi ya sa nake hana ɗalibaina haddace mata fassara guda. A duba wa yake magana, wa ake yi wa, kuma mene ne tsakaninsu.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci a wurina, wato Alƙur'anin da ke ɗakin Baba. Daga yadda kika kwatanta, tarjamar Marmaduke Pickthall ce, Baturen Ingila da ya musulunta a 1917, tarjamarsa ta fito a 1930. Da gangan ya zaɓi tsohon salon Turanci mai "thee" da "thou" da "ye", irin wanda Turawan zamaninsa suka saba ji a littattafan ibada, don mai karatu ya ji kwarjinin abin da yake karantawa. "Fie" tana cikin kayan wannan salo. Ko a tsohuwar tarjamar Zabura da cocin Ingila yake amfani da ita akwai "fie on thee, fie on thee". To da ya zo kan kalmar "uffin" sai ya ɗauko ta.

Kalmar "uffin" sau uku ta zo a Alƙur'ani. Ta zo a Suratul Isra'i aya ta 23, wadda kika gani, inda aka hana faɗinta ga iyaye idan sun tsufa a hannun ɗa. Ta zo a Suratul Anbiya aya ta 67, a bakin Annabi Ibrahim, alaihis salam, yana faɗa wa mutanensa game da gumakansu. Ta zo a Suratul Ahƙaf aya ta 17, a bakin ɗan da iyayensa suke kiransa ga imani da tashin ƙiyama yana ture su. Pickthall ya sa "fie" a dukkan ukun. A tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi kuwa "tir" aka sa, wanda yake ƙara nuna miki cewa kalmomin biyu 'yan gida ɗaya ne.

A aya ta biyu da ta uku "fie" ta zauna daram. Annabi Ibrahim yana tsawatarwa ne a fili, yana kunyata masu bautar abin da ba ya amfani ba ya cutarwa, kuma "fie on you" ita ce maganar. Abdullah Yusuf Ali ma, wanda tarjamarsa ta fara fitowa a Lahore a 1934, "fie upon you" ya sa a wannan ayar. Amma a ayar iyaye sai ya kauce mata, ya ce kada a faɗa musu kalmar raini. Ina ganin ya hango abin da ni ma nake gani.

Ga abin. Malaman nahawun Larabci sun ce "uffin" suna ne mai aikin fi'ili, ma'anarsa "na ƙosa", "na gundura". Wasu malaman lugga sun ce asalinta dauɗar kunne ce ko ta farce, abu ƙanƙani abin ƙyama. An kuma ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa idan iyaye suka tsufa har ya zama kai kake kwashe musu fitsari da bayan gida, kada ka ce "uff", kamar yadda su ba su ce ba lokacin da suke kwashe naka kana jariri. Kin ga a nan "uff" ba faɗa ba ce. Ɗan hucin nan ne da yake kuɓuce wa mutum idan ya gaji, ko wari ya buge shi, ko an kira shi karo na biyar yana tsakiyar aiki. Abin da ya fi kusa da ita a rayuwarmu shi ne tsaki. Hikimar ayar kuwa tana cikin ƙanƙantar kalmar: an hana mafi ƙanƙantar abu don a gane cewa duk abin da ya fi shi ya fi haramta. Malaman usulul fiƙhu da wannan ayar suke buga misali idan suna koyar da cewa hukuncin da aka ambata a kan ƙaramin abu ya fi cancantar hawa kan babba: tunda an hana "uff", to zagi da duka ba sai an faɗa ba.

Ita kuwa "fie", kamar yadda muka gani, kalma ce ta mai tsawatarwa da gangan, mai jin yana da hurumin gyara wani. Yaron da ya karanta "say not fie unto them" zai iya ɗauka cewa abin da aka hana shi ne ya tsaya gaban mahaifinsa ya yi masa faɗa, ya ce a ransa ai ni ban taɓa yi ba. Alhali tsakin da ya ja a zaure bayan an aike shi, da hucin da ya yi lokacin da Inna ta sake tambayarsa abin da ta tambaya ɗazu, su ne ayar ta fara nufa. Wannan ne ya sa wasu tarjamomin baya-bayan nan suka bar kalmar Larabcin yadda take, suka rubuta "uff", suka ƙara da cewa ko da wannan kaɗai. Ba ina rage darajar aikin Pickthall ba ne, aiki ne babba da ya yi wa Musulunci hidima a ƙasashen Turawa. Ina nuna miki ne cewa kalmar da ya zaɓa ta fi ta asalin nauyi a wannan wuri guda.

Mu Hausawa ma muna da rabonmu a wannan kalma. Idan muka ce "bai ce uffan ba", muna nufin ko mafi ƙanƙantar sauti bai fitar ba. Wato kunnen Bahaushe ya riƙe ainihin abin da malaman tafsiri suke faɗa, cewa "uff" ita ce ƙarshen ƙanƙantar magana. Ki gaya wa Baba wannan, na tabbata zai ji daɗinsa.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ko za ki iya sa ta a rubutunki. A nan ne "tir" da "fie" suka rabu. "Tir" tana raye. Kullum muna jin ta a labaran rediyo: ƙungiya kaza ta yi tir da harin da aka kai, gwamnati ta yi Allah wadai da abin da ya faru. Tsoho yana faɗinta, yaro yana faɗinta. "Fie" kuwa ta daɗe da barin bakin mutane, manyan ƙamusoshi suna yi mata alamar tsohuwar kalma ko ta raha. Baturen yau idan ya faɗe ta, ko dai yana kan dandamalin wasan kwaikwayo, ko yana rubuta labarin zamanin sarakuna da mahaya dawaki, ko yana zolayar abokinsa da muryar mutanen da. Idan kika faɗe ta da gaske kina fushi, dariya za a yi, fushin naki ya tafi a banza. Kwatankwacinsa a wurinmu shi ne yarinya ta shiga shagon sayar da waya ta yi ciniki da Hausar waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19. Kowace kalma daidai ce, amma ba wurinta ba ne.

Na sha ganin wannan kuskure a takardun ɗalibai masu ƙoƙari, domin su ne suke tsintar kalma a littafi su yi ɗokin amfani da ita. Wani ya taɓa rubuta wasiƙar koke kan rashin ruwan famfo a unguwarsu, ya rufe da "fie on the authorities". Nahawunsa bai da aibi, amma mai duba takarda zai ga kalmar da ba ta dace da irin rubutun ba, ya rage maki. Don haka idan kina son faɗin "tir da kai" da Turancin yau, ki ce "shame on you". Idan aikin ne kike ƙyama, ki ce "that is disgraceful" ko "that is shameful". Idan fassarar labari kike yi, "ya yi tir da" ko "ya yi Allah wadai da" ita ce "condemned". Idan abin ƙazanta ne na hanci ko na baki, "ugh" ko "yuck", su ma a hira kawai, ba a rubutun jarrabawa ba. Idan "haba dai" ta tsakanin ƙawaye ce, "oh, come on" ta wadatar.

Inda za ki iya amfani da ita ba tare da fargaba ba shi ne idan kina rubuta labari ko wasan kwaikwayo da ya faru a Ingila ta ƙarnonin baya, ki sa ta a bakin wani daga cikin mutanen labarin. Sai kuma Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa, inda take halastacciyar kalma mai maki 6, kuma tana fitar da mutum daga ƙunci idan harafin F ya maƙale masa. 'Yan Najeriya ba baya ba ne a wannan wasa, Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma masu irin wannan ƙwarewa da ƙananan kalmomi irin su "fie" suke cike gurabe.

A jarrabawarki kuwa, idan aka ɗauko layin matar Macbeth aka ce ki yi bayani, kada ki tsaya a cewa kalmar tana nuna ƙyama. Ki ce kalmar tsawatarwa ce da kunyatarwa, ki faɗi wanda take yi wa, ki nuna yadda ta haɗa ta da kiransa soja don ta taɓa mazantakarsa, sannan ki ambaci cewa cikin barci take faɗinta, tana maimaita abin da ya riga ya wuce, likita yana ji. Idan akwai sauran layi a takardar amsar, ki ƙara da cewa wannan ita ce fitowarta ta ƙarshe a wasan kafin a kawo wa Macbeth labarin mutuwarta.